Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Edna matar ƙanena Luke ce. Ita 'yar Nok ce a ƙasar Jaba, mu kuwa mutanen Fadan Kagoma ne, amma aikin jirgin ƙasa ya kawo ni Kafanchan tun ina saurayi, ina cikin leburorin da ke gyaran layi. Da Luke ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, sai ya kawo ta gidana tare da 'ya'yansu mata biyu, Catherine da Mildred, ya ce su zauna da matata Selina da tsohuwarmu har ya dawo. Ya zo hutu sau ɗaya. Bayan nan labari ne ya zo, gawa ba ta zo ba.

Edna ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Ta kama sana'ar kunu a tasha. Wanda duk ya bi jirgi ta Kafanchan a shekarun nan, ko daga Inugu ya taso ko daga Jos, da wuya bai sha kununta ba. Kunun dawa ne, amma da cittar Jaba, wadda take kankarewa da hannunta ta shanya a kan rufin ɗakin girki. In ka kurɓa sai ka ji shi har cikin kunne. A lokacin siririya ce, doguwa, ga gudu. Jirgi zai fara motsi fasinja bai miƙo kwano ba, ita kuwa ta bi shi, tulu a kai, ta karɓe kwanonta ta taga, ko ɗigo bai zube ba. 'Yan dako suna kiranta Ekspres. A majami'a kuma ita ke buga tulun kiɗa wa Zumuntar Mata, in ta sa hannu har mu maza a ɓangarenmu sai ka ga ƙafa tana motsi.

A shekara ta saba'in da biyu jikinta ya fara sauyawa. Da farko murna aka yi. Fuskarta ta cika, ta yi zagaye kamar faifai, kumatu suna sheƙi. Abokan aikina suna ce mini, "Martins, Allah ya yi maka albarka, kana riƙon matar ƙanenka da kyau." A wurinmu in gwauruwa ta yi ƙiba, alama ce hankalinta ya kwanta. Sai kuma ciki ya turo gaba. Sai al'adarta ta tsaya, ta gaya wa Selina, magana kuwa ba ta kwana a bakin rijiya. Masu yi mini barka suka koma gaishe ni da gefen ido. Ni ma an taɓa sunana a cikin zancen, amma wannan ba labarina ba ne.

Fasto Bartholomew da dattawan ikilisiya suka kira ta. Ta ce musu ba ta san namiji ba tun tafiyar Luke. Fasto mutum ne mai sanyi, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Yata, ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ido yana gani, jama'a kuma suna tambaya. Mu jira. Ciki ba ya ɓuya har abada."

Jiran nan kuwa a ƙarƙashin horo za a yi shi. Aka mayar da ita bencin baya. Aka hana ta Jibin Ubangiji, aka ce ta ajiye zanen Zumunta, tulun kiɗan kuma aka miƙa wa wata. Ba ta fasa zuwa sujada ba ko sau ɗaya. Takan shiga bayan kowa, ta fita kafin kowa. A tasha matan da take zama da su suka matsar da tirensu can gefe. Yaranta suka fara dawowa daga makaranta da kuka.

Wata tara ya wuce, babu haihuwa. Shekara ta kusa zagayowa, babu haihuwa. Mai ba da magani na unguwarmu ya taɓa cikin, ya ce bai ji motsi ba, amma kitse ya yi yawa, ba zai rantse ba.

A nan ne Goggo Dije ta shigo. Bafulatana ce, rugarsu tana hanyar Matsirga, ta daɗe tana kawo mana nono har ta zama aminiyar tsohuwarmu. Kowacce da yarenta, a Hausa suke haɗuwa, kowacce kuma tana dariyar Hausar ɗayar. Wata rana ta sauke ƙwarya a tsakar gida, ta daɗe tana kallon Edna, sannan ta tafa hannu.

"Ku Kirista ba ku san komai ba sai waƙa! Wannan ai kwantacce ne."

Tsohuwa ta ce, "Mene ne kuma kwantacce?"

"Ciki ne da ya kwanta. Miji ya mutu ko ya yi nisa, cikin ya tsorata, ya lafe, ya yi ta barci. Shekara biyu, uku, har fiye. Ran da Allah ya so sai ya tashi. Matar kawuna Yero ta yi shi, alƙali da kansa ya ba mamacin ɗan. Ɗanki bai zo hutu ba kafin ya koma?"

"Ya zo."

"To, me kuke nema kuma?"

Ina wurin, ina gyara ƙotar fartanya. Na ga fuskar tsohuwarmu. Tun mutuwar Luke ba ta cin abinci sai an yi da gaske, ba kabarin da za ta je ta tsaya a kai, ba ɗa namiji da zai ɗauki sunansa. Ran nan ta tashi ba sanda, ta je ta durƙusa gaban Edna, ta sa tafin hannu a kan cikin, ta fara yi masa magana da yarenmu kamar yadda ake lallashin yaro ya tashi da safe.

Kalmar ta bi gari da sauri fiye da tsegumin farko. Dattawa suka rabu biyu. Malam Gilbert, hedimastan makarantarmu, ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan a karatunsa ba. Wasu suka ce ai Saratu ma ta haihu da tsufa, me ya gagari Allah? Ba a ɗage horon ba, amma iska ta sauya. Mata suka koma gaishe ta. Wata ta kawo gwate, wata ta kawo ƙwai, ana cewa ta ci domin mutum biyu. Aka daina tsokanar yaranta. Tsohuwa ta koma cin tuwo har tana neman ƙari, ta ma riga ta raɗa wa ɗan suna. Goggo Dije kuma ba ta zuwa hannu wofi, kullum da saiwar da ake jiƙawa a madara domin a tashi cikin.

Edna tana karɓa, tana sha. Daga baya na ji daga bakin Selina cewa ta san ba haka ba ne, domin bayan hutun Luke ta ci gaba da ganin al'adarta har shekara biyu da wani abu. Amma wanda rana ta gasa, in ya sami inuwa ba ya tambayar itacen na wa ne. Ga kuma tsohuwa da ta dawo da rai. Ni ban ga laifinta ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Sai dai jiki bai san da wannan sulhu ba. Ciki da fuska suna ƙaruwa, hannuwa da ƙafafu suna tsukewa kamar kara. Wani tozo ya fito mata a bayan wuya. Gashi ya tsiro a haɓarta, na kai kuwa yana zuba. Selina ta ce a ciki da cinyoyi akwai wasu zane-zane masu faɗi, baƙi-baƙi, kamar shatar bulala. Ɗan bugu kaɗan sai jini ya kwanta, yankan wuƙar citta sai ya ƙi warkewa. Ƙishirwa ba ta barinta, tururuwa kuma suna taruwa inda ta yi fitsari. Matar da ba a taɓa jin ta da kowa ba, sai ga ta tana faɗa a kan cokali, ta koma tana kuka. In ta zauna a kujera 'yar tsugunno, sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Wata rana a tasha ta ɗaga ƙafa za ta hau dakali, gwiwa ta ƙi ɗaukarta. Ta zube, tulu ya fashe. Daga ranar Selina ta karɓi kunun.

Ba wanda ya ce a je asibiti. Me za a je yi? An riga an san abin da ke damunta, jira kawai ake yi ya tashi.

Wata rana da la'asar Goggo Dije ta zo da sabon magani, ta ce daga Kasuwan Magani aka kawo mata, wannan ko dutse ne ya kwanta sai ya tashi. Tsohuwa ta dama da kanta, ta miƙa ƙwarya. Edna tana zaune a tabarma, ta jingina da bango. Ba ta miƙa hannu ba.

Ta ce, "Mama, ba kowa a ciki."

Tsohuwa ta ce, "Sha, kar ya huce."

"Mama, ki ji ni. Na haifi biyu, na san yadda ɗa yake zama a jikin mutum. Wannan ba ɗa ba ne."

"In ba na ɗana ba ne, na wa ne?"

"Ba na kowa ba ne. Ciwo ne."

Goggo Dije ta riƙe haɓa. "Ke yarinya! Na lulluɓa miki zane, kina yayewa a tsakiyar kasuwa?"

"Goggo, Allah ya sāka miki. Ba don zanenki ba da ban san inda nake ba yau. Amma ya rufe har hancina, ba na numfashi. In na ci gaba da fakewa a bayan Luke, zan bi shi. Yaran nan su rasa uba, su rasa uwa."

Sai Edna ta juyo wurina, ina gefe a tsakar gida. Baba take kirana, ko da yake ban girme ta da yawa haka ba. Ta ce, "Baba, ka kai ni inda za a duba ni da gaske. In suka ga ɗa, ku kore ni daga gidan nan, ba zan ce komai ba."

Tsohuwa ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali, ta shiga ɗaki. Daga ran nan ta daina yi mata magana. A gari kuwa zance ya dawo, ya fi na dā muni, domin yanzu cewa ake yi ita da bakinta ta ce cikin ba na mijinta ba ne.

Na nemi izini a wurin aiki, muka tafi wani asibitin mishan. Likitar mace ce. Abin da ya ba ni mamaki, ba ciki ta fara dubawa ba. Ta kama hannun Edna ta ɗan ja fatar, ta duba bayan wuya, ta ce ta tsuguna ta tashi. Edna ta tsuguna, ta kasa tashi. Likita ta tambaya ko akwai hotonta na dā. Na koma gida na ciro na aurensu daga bango. Ta ajiye shi kusa da fuskar Edna, ta dubi wannan, ta dubi wancan. Aka gwada fitsari, aka ce babu ciki. Edna ba ta yi kuka ba, ta dai ce a sake faɗa a gabana. Aka sake faɗa. Likita ta ce tana zaton ta gane ciwon, amma ya fi ƙarfin kayan aikinsu, sai asibitin koyarwa a Zariya.

Muka hau jirgi, muka sauka Kaduna, muka ƙarasa. A Zariya muka daɗe. Ana tara fitsarinta na yini da kwana a babbar kwalba, ana ɗibar jini safe da yamma, ana ɗaukar hoton cikin jiki. Ni ina kwana a barandar asibiti tare da sauran masu jinya. Allah ya haɗa mu da wata nas, Sista Scholastica, 'yar Zonkwa, mai irin Hausarmu. Ita ta fassara mana bayanin likita, na kuma roƙe ta ta maimaita har ya zauna mini.

Ta ce a kan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula. Aikinta ta riƙa ɗiga wani ruwa cikin jini, ana ce masa kotisol. Shi ke tashin jiki da safe, shi ke ba mutum ƙarfi in zazzaɓi ko tsoro ko wahala ta zo. Kaɗan ake bukata, kamar gishiri a miya. To, a tsokar Edna ta hagu wani ƙari ya fito, yana ta zuba ruwan nan dare da rana ba tsayawa. Shi ya kwashe nama daga ƙafafu ya tara kitse a ciki da fuska da wuya, shi ya tsayar da al'ada, ya kawo hawan jini da ciwon suga, shi ya sa fata ta yi laushi tana tsagewa. Har faɗan da kukan ma nasa ne. Ta ce sunan ciwon Kushin.

Ni na ɗauka kujera take nufi. Edna ma haka, domin ta dubi jikinta ta ce, "Sista, ashe shi ya sa na yi taushi haka? To, kar dai wani ya zauna a kaina."

Sista ta yi dariya har ta dafa gado, Edna ma ta taya ta. Wannan ce dariyar Edna ta farko da na ji cikin fiye da shekara guda.

Ciwon ba a cika ganinsa ba, don haka ɗaliban likita suna zuwa ƙungiya-ƙungiya su kewaye gadonta. Na zaci za ta ji kunya. Ina! Ta ce da su, "Ku duba da kyau, 'ya'yana. In wata ta zo muku haka, kar ku fara tambayarta wa ya yi mata."

Aka yi aiki. An gaya mana tun farko cewa akwai haɗari, domin jikin mai wannan ciwo ba ya saurin haɗe rauni. Na zauna a waje ina addu'a da 'yan kalmomin da na iya. Da aka gama, Sista ta nuna mini abin a cikin kwalba. Bai wuce goro ɗaya ba. Na daɗe ina kallonsa, ina tunanin bencin baya.

Sai likita ya ƙara wani bayani. Ya ce tun da ta hagu ta yi ta zuba ruwa fiye da kima, ta dama ta ga ba ta da aiki, ta kwanta barci. Kafin ta farka za a daɗe, wata da watanni, wataƙila fiye da shekara. Har lokacin dole Edna ta sha ƙwayar kotizon kullum a madadin ruwan. In ta tsallake, ko zazzaɓi ya kama ta ba a ƙara mata ba, tana iya mutuwa cikin ɗan lokaci.

Da muka dawo Kafanchan na ba Goggo Dije wannan labari, sai ta buga cinya. "Ban faɗa ba? Na ce akwai abin da ya kwanta a cikin yarinyar nan! Wuri kawai na ɓata." Muka bar mata haka.

Amma gari bai bar mu ba. Edna ta dawo da sauran cikinta, domin kitsen ba ya tafiya rana ɗaya, ga rauni, ga gajiya. Sai aka ce ai Zariya aka je aka cire ɗan a ɓoye, abin da ya rage kumburin jego ne. Na kai wa dattawa bayanin asibiti, wasu suka karɓa, wasu suka ce bari a ƙara dubawa. Selina ta so ta je ta yi rigima. Edna ta ce a'a, ta roƙi a bar ta ta shiga taron Zumunta na tsakiyar mako, sau ɗaya kawai.

Ban shiga ba, wurin mata ne, Selina ce ta ba ni labari. Ta ce Edna ta tafi gaba tana dafa benci. Ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce a rufe ƙofa, ta ɗaga riga, ta sassauta zane, ta juya musu gefen hagu. Tabon ya taso daga ƙarƙashin haƙarƙari ya zagaya har kusan gadon baya. Ƙasan cibiya kuwa ba ko ƙwarzane. Mama Hellen, tsohuwar ungozoma wadda ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwar, ta taso ta bi tabon da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Sannan ta juya ta dubi matan.

Ta ce, "Tun daga kan Hawwa'u ban ƙara jin an ciro mutum ta haƙarƙari ba. Ko a cikinku akwai wadda ta haihu ta nan, ta tashi mu gani?"

Aka fashe da dariya. Selina ta ce ba ta san lokacin da dariyar ta koma kuka ba.

Ran Lahadi Fasto Bartholomew ya tsaya kafin wa'azi. Ya ce ikilisiya ta hori mara lafiya a kan laifin da ba ta yi ba, shi ne kuma ya sa hannu, yana roƙon gafararta a gaban kowa kamar yadda aka kunyata ta a gaban kowa. Ya kira ta daga bencin baya. Tafiyar ta ɗauke ta lokaci, ba wanda ya yi tari. A ranar ta ci Jibi.

Jikinta ya dawo sannu a hankali. Fuska ta sauka, tozon ya narke, gashin haɓa ya daina fitowa. Gudu dai bai dawo ba, ƙashin bayanta ya riga ya taɓu, har ta ɗan rage tsawo. Ta koma tasha da kujera, fasinja su ke saukowa wurinta. Ta aurar da 'ya'yanta biyu, ta goyi jikoki, ta rasu da furfura a kanta. Ina gode wa Allah da ya ba ta bakin faɗin gaskiya a ranar da ƙarya ta fi daɗi ga kowa a gidan. Ina gode wa likitocin nan da ban riƙe sunayensu ba, da Sista Scholastica. Goggo Dije ma ina gode mata, domin kalmarta ta riƙe Edna a lokacin da ba wanda ya miƙa mata hannu.

Tsohuwarmu kuwa ba ta taɓa cewa a yi haƙuri ba, ba irinta ba ce. Bayan Lahadin nan ta kwana biyu a ɗaki tana makokin Luke, irin makokin da ba ta yi ba da farko. Da ta fito, sai ta tambaye ni ko gaskiya ne in yarinyar nan ta manta ƙwayarta za ta mutu. Na ce gaskiya ne. Ta shiga ɗakin Edna ba sallama, ta ɗauke kwalbar ƙwayar, ta ƙulle a bakin zanenta. Daga ranar, kowace safiya kafin a hura wuta, sai ka ji muryarta a ƙofar ɗakin.

"Ke 'yar Jaba! Buɗe baki. Ba za ki mutu a gidana ba."